Sayen Tsofaffin Wasannin Kwamfuta a Lokacin Rangwame: Tambayoyi da Amsoshi

Sau da yawa a shekara manyan shagunan intanet da ke sayar da wasannin kwamfuta sukan karya farashi, kuma tsofaffin wasanni ne suka fi samun ragi mai yawa, har mutum ya ga wasan da ya daɗe yana jin labarinsa an zaftare masa kashi 75 ko 90 cikin 100. A irin wannan lokaci ne tambayoyin da ke ƙasa suka fi tasowa. Na amsa su ne bisa abin da na sani game da wasannin da kuma abin da na gani da idona wajen saye da girkawa.

Wane irin wasa ake nufi idan an ce tsohon wasa mai daraja?

Galibi ana nufin wasannin da suka fito daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 2000, waɗanda suka kafa salon da na baya suka bi. Doom na kamfanin id Software, wanda ya fito a 1993, shi ya yaɗa salon harbi ta idon ɗan wasa. Civilization na 1991 ya koya wa mutane gina daula bi da bi, Baldur's Gate na 1998 kuma ya farfaɗo da wasan labari mai tawagar jarumai. Sai dai tsufa kaɗai ba daraja ba ce. An yi dubban wasanni a waɗancan shekaru da ba su yi kyau ba tun a ranar fitowarsu, kuma su ma suna nan jere a shago ɗaya, da irin ragi ɗaya.

Tun da ragin ya kai kashi 80 ko 90 cikin 100, me zai hana in kwashi da yawa in ajiye?

Abin da zai hana shi ne lokaci, domin kuɗin da ake biya a kan tsohon wasa shi ne mafi ƙanƙantar abin da yake ci. Baldur's Gate II na shekarar 2000 yana iya cinye sa'o'i masu yawan gaske kafin a ga ƙarshen labarinsa, kuma mai son bin kowane lungu zai iya wuce sa'o'i 100. Wasa ɗaya na Civilization IV, daga kafa birnin farko zuwa nasara, yakan ɗauki darare da dama. Wanda ya sayi irin waɗannan guda goma a rana ɗaya ya ɗaukar wa kansa aikin shekara ko fiye, kuma abin da aka saba gani shi ne ya buɗe biyu, ya ɗan taɓa su, sauran takwas su zauna a asusunsa ba a ko sauke su ba.

Ni ma ina da irin waɗannan a asusuna, kuma abin yana damuna duk lokacin da na duba jerin, saboda akwai wasanni masu kyau a ciki da na san sun cancanci a zauna musu. Abin da ya gyara mini lamarin tambaya ɗaya ce da nake yi wa kaina kafin in biya: shin zan girka wannan wasa in fara shi a cikin makon nan? Idan amsar ita ce wataƙila nan gaba, sai in sa shi a jerin abubuwan da nake so in bari. Araha ba ta ado, kuma wasan da ba a buga ba asara ce ko da kashi 95 aka rage masa.

Idan na bari, ba zan rasa ragin ba?

A mafi yawan lokuta ba za ka rasa ba. Shagon Steam yana yin manyan rangwame a tsakiyar shekara da ƙarshenta, da wasu a tsakani, shagon GOG ma haka, kuma tsofaffin wasanni sukan koma kusan farashin da suka taɓa sauka a kai sau da dama a shekara guda. Agogon da ke ƙirga sa'o'in da suka rage a gefen shafi an sa shi ne don ya hanzarta mai saye. Akwai shafuka irin su IsThereAnyDeal da SteamDB da ke ajiye tarihin farashin wasa, inda mutum zai ga mafi ƙarancin da aka taɓa sayar da shi da kuma sau nawa aka yi hakan. Idan ka ga layin farashin yana sauka yana hawa kamar haƙoran zarto duk bayan 'yan watanni, to ka san ragin zai dawo. Haka kuma idan wasa yana cikin jerin abubuwan da kake so, shagon da kansa zai aiko maka da saƙo ranar da farashinsa ya sake faɗuwa.

A Steam ya fi kyau in saya ko a GOG?

Ga tsofaffin wasanni na fi karkata ga GOG, kuma zan faɗi dalili. Kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ne ya buɗe shagon a 2008 da sunan Good Old Games, kuma tun farko aikinsa shi ne ya nemo izinin tsofaffin wasanni, ya gyara su yadda za su tashi a sabuwar kwamfuta, sannan ya sayar da su ba tare da makullin da ake kira DRM ba. Ma'anar wannan ita ce kana iya sauke fayil ɗin girkawa gaba ɗaya, ka ajiye shi a wani faifai na daban, ka girka shi duk ranar da ka ga dama ba tare da intanet ba kuma ba tare da neman izinin kowa ba. Sau da yawa sukan haɗa da littafin jagoran wasan da taswira da waƙoƙinsa. A Nuwamban 2024 sun ƙaddamar da wani shiri na adana wasanni, inda suka ɗauki nauyin ci gaba da gyara wasu zaɓaɓɓu don su riƙa aiki a sababbin kwamfutoci, kuma alamar wannan shiri a shafin wasa abu ne da ya kamata a duba.

Steam, wanda kamfanin Valve ya buɗe a 2003, ya fi yawan wasanni da yawan jama'a, kuma wannan yawan jama'a yana da amfani na gaske, domin kusan kowace matsala da za ka ci karo da ita wani ya riga ya ci karo da ita ya rubuta maganinta. Mai amfani da tsarin Linux ko Steam Deck, na'urar wasa ta hannu ta Valve, ma zai fi samun sauƙi a can. Illarsa ita ce wasu masu wallafa sukan ɗora tsohon wasa yadda yake, ba gyara ba kulawa, su bar mai saye da neman mafita. Tun daga 2024 kuma Steam yana rubuta wa mai saye ƙarara a wurin biya cewa lasisin amfani yake saye. Wasu wasannin a wuri ɗaya kawai ake samun su, kamar Half-Life na 1998 da ke hannun Valve, to a nan babu zaɓi. Inda wasa yake a duka biyun, karanta ra'ayoyin masu saye na kwanan nan a kowane shago, ka ga wace siga ce mutane suke cewa ta tashi ba gardama.

Yaya zan san wasan zai yi aiki a kwamfutata?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta ta danganta da zamanin wasan. Abin mamaki shi ne wasannin da suka fi tsufa, wato na zamanin DOS, tsarin da kwamfutoci suke aiki da shi kafin Windows, su suka fi sauƙin tashi, saboda shagunan sukan naɗe su a cikin DOSBox, wata manhaja da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa. Wasannin labari na nuni da latsawa, irin The Secret of Monkey Island na 1990, suna da tasu manhajar mai suna ScummVM. Matsalar da aka fi samu a nan ita ce gudu: wasu wasannin an ɗaure saurinsu da saurin kwamfutar zamaninsu, sai ka ga jirgi ya wuce kamar walƙiya kafin ka taɓa komai. A DOSBox ana rage gudun da madannan Ctrl da F11, ana ƙara shi da Ctrl da F12, ana kuma cika allo da Alt da Enter.

Masu wahala su ne wasannin Windows na farko, daga wajen 1996 zuwa farkon shekarun 2000. An rubuta su ne don katunan zane da tsarin sauti da aka daina yi, saboda haka akan samu launuka sun rikice, ko bidiyon buɗewa ya ƙi fitowa, ko wasan ya rufe kansa ba sanarwa. Yawancinsu kuma an zana su ne don allo mai kusan murabba'i, 640 da 480 ko 800 da 600, idan aka shimfiɗa su a faffaɗan allon yau sai fuskoki su baje. Kafin ka biya, nemi sunan wasan a PCGamingWiki, inda ake jera matsalolin kowane wasa da gyaransu. Idan gyaran layi biyu ne, saya. Idan shafin ya cika da matakai fiye da goma na sauya fayiloli, ka tambayi kanka ko kana da haƙurin wannan aiki, domin wasu suna jin daɗinsa, wasu kuma yana kashe musu sha'awar wasan tun kafin su fara.

Masu kwamfutar Apple su ƙara lura: tun daga macOS Catalina na 2019 manhajoji masu tsohon tsarin 32-bit sun daina aiki, kuma tsofaffin wasanni da yawa suna cikinsu, ko da shafin shagon yana ɗauke da tambarin Mac.

Siga ta asali zan saya ko wadda aka sabunta?

Babu amsa ɗaya, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, domin suna ɗaya yakan zo da siga biyu ko uku a shago. Misalin da na fi bayarwa shi ne Heroes of Might and Magic III na 1999. Akwai sigar HD da aka fitar a 2015, wadda zanenta ya fi tsabta, amma ta ƙunshi ainihin wasan ne kawai, ba ta da ƙarin sassa biyu da suka biyo baya, wato Armageddon's Blade da The Shadow of Death, ba ta kuma da abin da ke ƙirƙiro sabuwar taswira a duk lokacin da aka so. Sigar Complete, wadda ta fi tsufa, tana da duk waɗannan, kuma masoyan wasan sun yi mata gyara na kyauta da ke daidaita ta da allon zamani. Wanda ya bi kalmar HD ya saya ya samu ƙasa da abin da mai tsohuwar siga ya samu.

A wasu wuraren kuwa sabuwar siga ce ta fi. Age of Empires II: Definitive Edition na 2019 ya tattara ƙarin sassan da suka gabata, kuma a can ne masu wasan suke haɗuwa a yau. Grim Fandango da aka sabunta a 2015 ya ba da damar tafiyar da jarumin da linzamin kwamfuta, abin da sigar 1998 ba ta da shi. Command & Conquer Remastered Collection na 2020 yana barin mutum ya sauya tsakanin tsohon zane da sabo da latsa madanni ɗaya, kuma wannan a ganina shi ne girmamawar da ta dace da tsohon aiki.

Akwai hanya ta uku da mutane da yawa ba su sani ba. Masoya sun sake gina injin wasu wasanni daga tushe, kamar OpenMW na Morrowind, da OpenXcom na X-COM, da OpenRCT2 na RollerCoaster Tycoon 2. Waɗannan kyauta ne, amma suna buƙatar fayilolin ainihin wasan, saboda haka sigar asali mai araha tare da ɗayansu takan fi duk wata siga mai tsada.

Waɗanne irin wasanni ne suka fi jure tsufa?

Waɗanda ƙarfinsu yake a tunani da tsari da rubutu, da waɗanda zanensu yake a shimfiɗe, ba mai zurfi uku (3D) ba. Zanen Heroes III ko na RollerCoaster Tycoon na 1999 har yau yana da kyan gani, domin masu zanen sun san iyakar kayan aikinsu sun yi aiki a cikinta. Waɗanda suka fi shan wahala su ne wasannin farko masu zane mai zurfi uku, inda fuskoki suke da kusurwa kamar an sassaƙa su da gatari. Amma ko a nan ba zanen ne yake korar mutane ba, ido yakan saba cikin rabin sa'a. Abin da hannu ya ƙi sabawa da shi shi ne sarrafawa. A Tomb Raider na 1996 sai an juya jarumar tukuna sannan a matsa gaba, kamar mai tuƙa babbar mota, kuma System Shock na 1994 a sigarsa ta asali ba ya barin a waiwaya da linzami yadda aka saba yanzu, sai da aka ƙara hakan a sigar 2015.

Abu na biyu shi ne tsofaffin wasanni ba sa riƙe hannun ɗan wasa. Ina tuna aikina na farko a X-COM na 1994: jirgi ya sauka cikin duhu, na fito da soja na farko daga bakin ƙofa, bai yi taku uku ba harbi ya fito daga wani wuri da ban gani ba, ya faɗi, kuma wasan bai ce mini komai ba game da abin da na yi ba daidai ba. Sai da na koma littafin jagora na fahimci cewa dole a rage wa soja wani kaso na lokacinsa don ya iya mayar da martani. Masu yin wasannin wancan zamani sun ɗauka cewa ka karanta littafin da ke cikin kwali. Da yawansu kuma ba sa adana ci gaba da kansu, wanda ya manta ya adana zai iya rasa aikin dare guda. Kafin saye, kalli minti goma na wani yana buga tsakiyar wasan, ba bidiyon talla ba, ka lura da yadda hannunsa yake fama da jerin zaɓuɓɓuka. Gani ya kori ji.

Ban taɓa buga tsohon wasa ba. Da wanne zan fara?

Fara da dangin abin da ka riga ka so. Mai son harbi ya ɗauki Doom, wanda ake fahimta cikin minti biyar kuma saurinsa bai tsufa ba ko kaɗan, sannan Half-Life. Mai son dabarun yaƙi ya ɗauki Age of Empires II idan yana son gaggawa, ko Heroes III idan ya fi son ya zauna ya yi nazari kafin kowane motsi. Mai son gini da lissafi ya nufi RollerCoaster Tycoon. Mai son labari da zaɓin da ke sauya makoma ya gwada Fallout na 1997 ko Deus Ex na 2000, inda kusan kowace ƙofa take da hanyoyin wucewa fiye da ɗaya, da ƙarfi ko da sanɗa ko da magana. Planescape: Torment na 1999 yana cikin mafi kyawun rubutu da aka taɓa sa wa wasa, amma yawancinsa karatu ne, ɗaruruwan dubban kalmomi cikin harshe mai nauyi, don haka ba shi nake ba sabon shiga ba. Ɗaya za ka ɗauka, ko biyu masu salo daban, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Damin wasanni fa, inda ake haɗa jerin gaba ɗaya a farashi guda?

Dami yana da riba idan akwai aƙalla biyu a ciki da ka riga ka yi niyyar bugawa. In ba haka ba, kana biyan kuɗin guda shida ne don ka samu ɗaya. Na taɓa sayen wani dami a wani shago saboda wasa ɗaya tak, sai na tarar sigar da aka sa a ciki ba ta da ƙarin sassan da nake nema, dole na sake saye daban. Tun daga nan nake buɗe jerin abin da ke cikin dami in karanta layi bayan layi.

Zan iya buga su da wasu ta intanet?

Kada ka ɗauka haka sai ka tabbatar. Wasanni da yawa na farkon shekarun 2000 sun dogara ne da hidimar GameSpy mai haɗa 'yan wasa ta intanet, wadda aka rufe a 2014, kuma sashen haɗuwarsu ya mutu tare da ita sai inda masoya suka kafa madadi. Idan wasa da abokai ne babban burinka, nemi siga da aka sabunta wadda har yanzu ake kula da ita.

Ba ana samun waɗannan wasanni kyauta ba? Me ya sa zan biya?

Wasu kam masu su sun sake su kyauta da kansu. Bethesda ta saki Daggerfall na 1996 a 2009, Blizzard ta mayar da ainihin StarCraft na 1998 kyauta a 2017, Beneath a Steel Sky na 1994 ma kyauta ne tun 2003. Yana da kyau a duba wannan kafin a biya, kuma hanya ce mai kyau ta gwada ko salon wancan zamani ya dace da kai. Amma shafukan da ke raba wasanni da sunan wai an yi watsi da su wani abu ne daban, domin daina sayar da wasa ba ya cire haƙƙin mallakarsa, kuma fayilolin irin waɗannan wurare ba su da tabbas. Inda wasa yake a kasuwa da halal, sayensa yana nuna wa masu haƙƙi cewa akwai masu nema, kuma wannan ne yake sa a ɗauki wahalar ceto na gaba.

Akwai lokacin da ya dace a yi gaggawar saye?

Akwai, wato lokacin da aka sanar cewa za a cire wasa daga shago. Wannan yakan faru idan lasisin waƙoƙi ko na motoci ko na wani suna ya ƙare, ko kuma idan mai wallafa yana shirin fitar da sabuwar siga yana son ya janye tsohuwa. A al'adar manyan shagunan, wanda ya riga ya saya yakan ci gaba da riƙe nasa bayan cirewar. Dawowa kuwa ba ta da tabbas: No One Lives Forever na 2000, wanda masu bita suka yaba sosai, ya daɗe ba ya kasuwa saboda rikicewar wanda ke da haƙƙinsa. To idan wasan da ka daɗe kana so ne aka ce za a cire, ka saye shi ko da ba wannan makon za ka buga ba.

Na saya. Me zan fara yi?

Girka shi a ranar, kada ka jira. Steam yana mayar da kuɗi idan ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba a kai sa'a 2 ana wasa ba, kuma lokacin da ka ɓata kana fama da gyara yayin da wasan yake buɗe yana iya shiga cikin lissafin, don haka ka riƙa duba agogo. GOG yana ba da har kwana 30. Cikin wannan wa'adi ka tabbatar da abubuwa huɗu: hoto ya cika allo ba tare da ya baje ba, sauti da waƙa suna fita, madannai da linzami suna amsawa, sannan ka adana wasan, ka rufe shi gaba ɗaya, ka sake buɗewa ka ga ko abin da ka adana yana nan. Idan a GOG ka saya, sauke fayil ɗin girkawa tare da littafin jagora ka kwafe su zuwa wani faifai na daban, sannan ka buɗe littafin ka karanta shafukan da suka yi bayanin madannai kafin ka shiga matakin farko.